Yadda Ake Cin Kebab a Babban Gidan Abinci a Indiya

Duk wanda jinya ko kasuwanci ko karatu ya kai shi Delhi, ina ba shi shawara ya ware dare ɗaya ya zauna a gidan kebab na alfarma. Mu da muka tashi da tsire da balangu ba baƙi ba ne a harkar gashi, amma tsarinsu daban ne, kuma wanda bai san shi ba sai ya cika ciki da gurasa kafin naman kirki ya iso.

Ka fara buga waya ka kama tebur tun da rana. Wurare irin su Bukhara, gidan abincin da aka buɗe a 1978 a otal ɗin ITC Maurya, cika suke yi maƙil, musamman daga ƙarfe tara, don mutanen Delhi ba sa cin abincin dare da wuri. Nemi ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi. A wannan kiran ka tambaya kai tsaye ko naman halal ne, domin yanka iri biyu ne a Indiya: akwai halal, akwai jhatka, wanda ake fille kan dabba da sara ɗaya. Sun saba jin tambayar, kada ka ji nauyi. Naman saniya kuwa kada ma ka nema, doka ta hana yanka ta a Delhi. In ka ga an rubuta mutton, galibi akuya ake nufi.

Ku je ku uku ko huɗu. A tsakiya ake ajiye faranti, kowa ya ɗiba. Mutum ɗaya ba zai ɗanɗana fiye da kala biyu ba.

Babban abin lura shi ne jerin da za a kawo naman. Ka ce wa mai hidimar tebur ya riƙa kawowa ɗaya bayan ɗaya, daga mai sanyin yaji zuwa mai ƙarfi. A fara da murgh malai, tsokar kaza da aka jiƙa cikin kirim da cuku, fara sol, taushi kamar auduga. Sai seekh kebab, niƙaƙƙen nama da aka manna a tsinken ƙarfe. Bayansa barrah, haƙarƙari da ƙashinsa, wanda wuta ta ɗan lashi gefensa. Shi ne zai tuna maka da gida. Duka a tandoor ake gasa su, wato tanderun yumɓu irin wanda ake gurasa a Kano, sai dai nasu yana da zurfi, zafinsa kan kai digiri 480. Shi ya sa bayan naman ke ƙamewa nan da nan, ruwansa ya tsaya a ciki. Shi ya sa kuma ba ya jira: minti biyar a kan tebur, ya soma tauri. Ajiye waya ka ci.

In gidan na girkin Laknau ne, wani birni a arewacin Indiya, kada ka tashi ba ka ci galouti ba. Ana cewa don wani sarkin Laknau da haƙoransa suka zube aka ƙirƙiro shi. Ana niƙa naman luƙwi, a zuba ɗanyar gwanda ta narkar da shi, a soya a faifan ƙarfe da man shanu. Ba a ɗaukarsa da yatsa, wargajewa yake yi. Yago ɗan gurasa ka kwaso shi, ka ɗora a harshe, ka bar shi ya narke, ƙamshin kanumfari da hayaƙin gawayi na biyo baya a hankali. A ganina ko don shi kaɗai zuwan ya biya. Ɗan'uwansa kakori, mai siffar tsire, shi ne abin alfaharin gidan abincin Dum Pukht, a otal ɗin da Bukhara take.

Da hannu ake ci. A Bukhara ma ba sa ajiye cokali mai yatsu da wuƙa, sai su ba ka ƙyallen ɗaurawa a ƙirji don kare riga. Tsakanin kala da kala, ka ci yankakkiyar albasa da lemon tsami, ka ɗan taɓa koren miyar na'a-na'a. Kada ka dulmiya naman a ciki. In yaji ya kama ka, lassi za ka sha, kindirmo ne da aka dama, ya fi ruwa kashe raɗaɗi.

Ka rage wuri saboda dal. Baƙin wake ne ƙanana da tumatir da man shanu. Na Bukhara awa 18 yake yi a kan garwashi. Naan, wato gurasarsu, ɗaya mai zafi ya ishi mutum biyu su lashe kwanon. Shinkafa ba dole ba ce a wannan daren.

Ƙaramin kwanon ruwan ɗumi mai yankin lemo da za a kawo a ƙarshe na wanke yatsu ne. Sannan ka duba takardar kuɗi da kyau. Gidajen abinci na manyan otal-otal suna ɗora harajin GST na kashi 18 cikin ɗari, wannan dole ne. Amma kuɗin hidima ba dole ba ne: tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Indiya ta hana tilasta shi, babbar kotun Delhi kuma ta tabbatar da hakan a 2025. In hidimar ta gamsar da kai, ka miƙa wa wanda ya tsaya a kanku tukwicinsa hannu da hannu.