Yadda Ake Sauraron Kiɗan Barok a Kan Hafsikod

Kafin ka kunna wani faifai na kiɗan Barok, wato salon kiɗan Turai na ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18, ya kamata ka san yadda hafsikod, wani kayan kiɗa mai maɓallai kamar fiyano, ke fitar da sauti, domin a nan ne ya bambanta da fiyano. Idan makaɗi ya danna maɓalli, wani ɗan tsinke, wanda a da ake yankowa daga gashin tsuntsu, shi ke fizgar tsirkiya, saboda haka ko ya danna da ƙarfi ko a hankali, ƙarar ba ta sauyawa sosai. Kada ka zauna jiran sauti ya kumbura ya kuma lafa.

Abin da za ka kasa wa kunne shi ne lokaci. Gwanin makaɗi yakan ɗan jinkirta wani sauti, ko ya saki hannun hagu kafin na dama, ko ya warware sautuka ɗaya bayan ɗaya maimakon ya buga su tare, kuma da wannan ne yake nuna inda nauyin kiɗan yake. François Couperin na Faransa ya yi bayanin irin wannan jinkiri a littafin koyarwa da ya wallafa a 1716. Rage ƙarar na'urarka, domin hafsikod ba mai amo ba ne, kuma idan an ƙure masa murya sai ya zama kwaramniyar ƙarfe mai gajiyar da kunne.

A ganina, da kiɗe-kiɗen Domenico Scarlatti ya fi kyau a fara. Ya bar kiɗe-kiɗe 555 da ake kira sonata, yawancinsu mintuna kaɗan ne, kashi biyu kowanne ana maimaita shi, sai ka lura da adon da makaɗi ke ƙarawa a zagaye na biyu.

Bayan kunne ya saba, sai ka koma ga kiɗan da ake kira Goldberg na Johann Sebastian Bach, wanda aka buga a 1741. Kiɗa ɗaya ne ake jujjuya shi sau 30, amma abin da ke riƙe da su duka shi ne tafiyar sautin ƙasa, wato sauti mai kauri da hannun hagu ke bugawa, don haka bi hannun hagu, ka bar na dama ya yi ta yawonsa. Bach ya tsara shi ne don hafsikod mai jerin maɓallai biyu, shi ya sa hannuwa ke ƙetare juna ba tare da karo ba. Saurari ɗaukar makaɗiya Wanda Landowska ta 1933, wadda ta yi a kan babban hafsikod na kamfanin Pleyel, sannan ka kwatanta da ta makaɗi Gustav Leonhardt a kan juyi guda kawai daga cikin 30 ɗin.