Renon guringuntsin gwiwa cikin ƙarancin oksijin: jagora ga ɗaliban kimiyya a Damagaram

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini idan ya nuna. Oksijin yana isa gare shi ne ta hanyar tsattsafowa daga ruwan gaɓa, shi ya sa yake raguwa daga sama zuwa ƙasa: kusan kashi 6 zuwa 10 cikin 100 a farfajiya, ya sauka zuwa wajen kashi 1 a can kusa da ƙashi. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 21 take ɗauke da shi. Saboda haka ɗalibin da ya saka ƙwayoyin guringuntsi cikin akwatin reno na yau da kullum ya kai su wurin da ba su saba da shi ba, kuma duk abin da ya auna a can, halin baƙunta ya auna.

Abin da ke sa su jure ƙarancin oksijin shi ne furotin da ake kira HIF-1α. Muddin oksijin na da yawa, wasu enzayim suna yi masa alama a rushe shi cikin mintuna kaɗan. Da oksijin ya ragu sai ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar, ya karkatar da ita ga samun ƙarfi daga sukari ba tare da dogaro da oksijin ba, ya kuma ƙarfafa wani furotin mai suna SOX9, wanda ke sa a ƙera kolajin nau'i na 2 da agirikan, ginshiƙan guringuntsi. Gano wannan tsari ne ya kawo wa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019. Tun a 2001 Ernestina Schipani da abokan aikinta sun nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka cire HIF-1α daga guringuntsi mai tasowa, ƙwayoyin tsakiya, inda iska ta fi ƙaranci, mutuwa suke yi. Gwajin da ke ƙasa yana ba da damar ganin tasirin da ido: ƙwayoyi daga dabba ɗaya, rabi a iskar ɗaki, rabi a oksijin kashi 5.

Samo gaɓar

A je mayanka da asuba, a gai da Sarkin Fawa, a yi masa bayanin abin da ake nema kafin a tunkari mahauci. Ɗan akuya ko ɗan rago da bai wuce wata 6 ba ake so. A nan ake yawan kuskure: abin da ake kira gwiwa a ƙafar gaba ta dabba daidai yake da wuyan hannun mutum. Gwiwa ta gaskiya tana ƙafar baya, can sama kusa da ciki, inda ƙoƙon gwiwa yake. A roƙi mahauci ya sare ƙashin sama da ƙasa, ya bar gaɓar a rufe. Idan wuƙarsa ta huda jakar gaɓar, ƙwayoyin cuta sun shiga, a nemi wata. A naɗe cikin leda mai tsabta, a sa a kula mai ƙanƙara ba tare da ta daskare ba, a fara aiki a ranar. Safar hannu dole ce, domin cutar burusela tana zama a gaɓoɓin awaki da tumaki kuma tana kama mutum.

Raba ƙwayoyi

A goge gaɓar da alkol mai ƙarfin kashi 70, a buɗe ta a ƙarƙashin rumfar iska mai tacewa. Da sabuwar aska ta tiyata a feƙe guringuntsin kan ƙashin cinya siriri-siriri. Guringuntsin ɗan dabba yana da kauri, kuma a ƙasansa akwai ƙananan hanyoyin jini da ba su rufe ba tukuna. Da an ga ɗigon ja, an yi zurfi, a zubar da wannan yankin, don ƙwayoyin can sun kama hanyar zama ƙashi kuma za su rikita sakamako.

A yayyanka zuwa gutsattsari na milimita 1, a wanke sau 3 da ruwan gishirin PBS mai penisilin yunit 100 da siteraptomaisin mikrogiram 100 a kowace mililita. Sai a jiƙa cikin kolajinez nau'i na 2, enzayim mai narkar da kolajin don ƙwayoyin su rabu, miligiram 2 a mililita, a digiri 37, ana girgizawa a hankali na awa 12 zuwa 16. Na ƙaramar dabba yakan narke da wuri, a riƙa dubawa. Barinsa ya wuce lokaci yana kashe ƙwayoyi. A tace da matata mai ramin mikron 70, a juya a na'urar juyi a ƙarfin juyi 300 g (ninki 300 na jan ƙasa) na minti 5, a ƙirga da shuɗin tiripan, rinin da ke shiga matattun ƙwayoyi kawai. Idan masu rai ba su kai kashi 90 ba, gara a sake daga farko.

Kada a shimfiɗa su a faranti a yi ta ninkawa don su yi yawa. A shimfiɗe suna miƙewa, su daina kolajin na 2 su koma na 1. A dunƙule su: ƙwayoyi 250,000 a kowane bututun mililita 15, a juya su kwanta a gindi, cikin kwana 1 ko 2 za su haɗe su zama ɗan ƙwallo. Ruwan reno rabin mililita: DMEM (ruwan abincin ƙwayoyi) mai sukari giram 4.5 a lita, ITS (haɗin insulin, tiransferin da seleniyam) kashi 1, askobet-2-fosfet (nau'in bitamin C) mikrogiram 50 a mililita, firolin mikrogiram 40, dekzametazon nanomola 100, da TGF-β (furotin mai sa ƙwayoyi ƙera guringuntsi) nanogiram 10 a mililita. Askobet ba abin tsallakewa ba ne, da shi ake ƙulla zaren kolajin. Babu shi dunƙulen zai yi laushi ko da iskar ta yi daidai.

Rage iskar, inda gwaji ke tsayawa ko ya rushe

Inda babu akwatin reno mai sarrafa iska uku (oksijin, kabon dayoksaid da naitirojin), ƙaramin akwati mai rufewa ruf ya wadatar, a saka shi cikin akwatin reno na kullum. Ana buƙatar tukunyar gas da aka haɗa: oksijin kashi 5, kabon dayoksaid kashi 5, naitirojin kashi 90. A sassauta murafen bututai, a ajiye faranti mai tsabtataccen ruwa a ciki saboda laima, a hura gas lita 20 a minti na minti 4 zuwa 5, a toshe. Bayan awa 1 a sake hurawa, don roba da ruwa suna sakin oksijin da suka riƙe. Dabarar kunna kyandir cikin kwalba da ake yi wa wasu ƙwayoyin cuta ba ta aiki a nan: kyandir yana mutuwa oksijin na sama da kashi 15.

Ruwan reno yana ɗaukar awanni kafin iskarsa ta daidaita da ta akwati. Wanda ya ɗauko ruwa daga firiji ya zuba kai tsaye ya wanke ƙwayoyinsa da oksijin, kuma HIF-1α da ya taru zai rushe cikin mintuna. Ana canza ruwa duk kwana 2 ko 3 har kwana 21, to a lissafa sau nawa ke nan gwajin ya katse. Maganinsa a kwana da ruwan canji cikin akwatin, a shimfiɗe a faranti marar zurfi, a yi canjin da sauri, a sake hura gas nan take. Zurfin ruwa ya zama ɗaya a kowane bututu, domin shi ma yana rage iskar da ke kaiwa gindi.

Ba mu ba mai farawa shawarar sauka zuwa kashi 1 ba. Tsakiyar dunƙule ta riga ta fi gefensa ƙarancin iska, kuma ƙwayoyin da ke rayuwa a kan sukari kaɗai suna cinye shi da sauri, su zubar da laktet mai sa ruwan tsami. Alamar ita ce ruwan reno ya juya daga ja zuwa rawaya kafin ranar canji. Idan aka yanka dunƙulen sai a tarar da tsakiya ta mutu. Yunwa da tsami ne suka kashe ta. Wasu suna zuba kobalt kulorayid mikromola 100 a madadin gas. Yana tara HIF-1α, amma oksijin na nan yadda yake, kuma yana da guba idan ya daɗe. A rubuta shi a rahoto da sunansa, kada a kira shi ƙarancin oksijin.

Yanayin garinmu yana ƙara nasa. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, akwatin reno kuwa ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Dole ɗakin ya tsaya ƙasa da digiri 30, kuma a haɗa akwatin da batir ko sola saboda ɗaukewar kuran. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana shigo da ƙwayoyin funfuna. A rufe tagogi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Karanta sakamako

A kwana na 21 a kasa dunƙulen kowane rukuni. Kashi ɗaya a tsayar da shi cikin fomalin kashi 10, a yanka mikron 5, a rina da Safranin O: yawan ja yana nuna yawan agirikan. Kashi na biyu a narkar da fafen, enzayim mai narkar da furotin, a digiri 60 na dare ɗaya, a auna sarƙoƙin sukarin agirikan da rinin DMMB a nanomita 525, sannan a raba adadin da yawan DNA, in ba haka ba dunƙule mai ƙwayoyi da yawa zai yi kama da mai ƙwazo. A yawancin bincike rukunin kashi 5 yana fitowa da rini mai ƙarfi, da ƙarin kolajin na 2, da raguwar kolajin na 10, alamar ƙwayar da ta kumbura tana shirin zama ƙashi. Mai son auna HIF-1α kansa ya shirya ƙanƙara da ruwan fasa ƙwayoyi kafin ya buɗe akwati, ya zuba nan take.

Dunƙule 10 daga akuya ɗaya dabba ɗaya ce a lissafi. A maimaita da dabbobi aƙalla 3, kowace a raba ƙwayoyinta tsakanin rukunonin biyu, kuma a rubuta shekarun kowace ta hanyar duba haƙoranta tun a mayanka.