Yadda za ka karanta launin ƙahon barewa kafin ka sassaƙa biro da shi

Ƙahon da ake maganarsa a nan shi ne mai rassa, na barewar Turai da Amurka da Indiya, wanda ke faɗuwa da kansa duk shekara wani ya tsiro. Ƙashi ne zalla, yana shigowa ƙasar nan a yanke gunduwa-gunduwa ta hannun masu odar kaya. Na barewar dajinmu daban ne: kube ne a kan ƙashi, cikinsa rami, ba ya yin biro, kuma dabbar ta yi ƙaranci, don haka kada ka saya a hannun maharba.

Launin wannan ƙaho hawa-hawa yake, daga baya zuwa ciki. Zurfin da kurfinka ya kai shi ke yanke launin da biron zai fito da shi, shi ya sa gunduwa biyu daga reshe ɗaya kan ba da biro biyu da ba su yi kama ba.

Hawa na farko shi ne ɓawo, mai ruwan ƙasa ko ruwan makuba da gurza-gurza. Launin ya samo asali daga jinin da ya bushe lokacin da dabbar ta goge fatar da ke lulluɓe da sabon ƙaho, da kuma ruwan itatuwan da ta goga a jikinsu. Siriri ne ƙwarai, shafa biyu da samfefa ya tafi. Ƙarƙashinsa akwai bango mai tauri, ruwan madara ko fari mai ratsin toka, shi ne ke ɗaukar sheƙi. A tsakiya sai ɓargo, mai ƙananan ramuka kamar soso, wanda kan zo da ruwan toka, ruwan hoda, wani lokaci har shunayya, saboda ragowar jinin da ya bushe a ciki. Ƙahon da ya daɗe a ƙasa kan ɗauko ɗan kore daga gansakuka. Wanda rana ta gasa kuwa fari fat yake, yana tashin gari idan ka karce shi da farce, ga tsaga a jiki. Wannan ka bar shi, zai fashe a kan injin da ke juya gunduwa ana sassaƙa ta.

Kafin ka biya kuɗi, dubi bakin yankan. Idan bangon ya yi kauri ɓargon ya tsuke, za ka samu biro fari mai santsi. Ƙahon barewar Indiya mai ɗigo-ɗigo, wadda ake kira axis, haka yake. Na elk, wato babbar barewar Amurka, da na jar barewar Turai ɓargonsu faɗi ne da shi, sai ka nemi tsinin reshe inda ya fi cika. Ga siririn biro mai bututun tagulla na milimita 7, wanda ake mannawa a cikin ramin da za ka huda a ƙahon, reshe mai kaurin milimita 15 zuwa 20 ya fi dacewa. Idan ya wuce haka, kafin ka sassaƙe shi zuwa girman biro ka riga ka cinye bangon, ɓargo kaɗai ya rage.

Yanke da zarto, ka bar rarar milimita 2 zuwa 3 a kan tsawon bututun. Wajen huda ne ake zaɓen launi, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Idan ka huda a tsakiya daidai, biron zai fito launi ɗaya zagaye. Idan ka karkata ramin zuwa gefe da milimita 2 ko 3, ɓangaren da ramin ya kusanta zai tsira da ɓawonsa, ɗaya ɓangaren ya nutse cikin fari da toka. A ganinmu wannan shi ne biron da ya fi kyau, domin duk wanda ya riƙe shi zai san ƙaho ne, ba roba ba. Ƙaho yana da lanƙwasa, saboda haka ka sa alamar shiga da ta fita a bakunan biyu kafin ka damƙe shi. Huda a hankali, kimanin juyi 500 a minti, kana zaro bakin hudar bayan kowane rabin santimita don garin ya fita. Zafi ne ke tsaga ƙaho, kuma yana barin tabon ƙuna ruwan ɗorawa a cikin farin. Idan ka ji warin ƙonannen gashi ya yi ƙarfi, tsaya ya huce.

A bakin biro kaurin ƙahon ba ya kai milimita ɗaya, sai tagullar ta haska ta ciki ta mayar da farin ya yi dishi-dishi. Maganinsa ka goge bututun da samfefa, ka shafa masa farin fenti, ya bushe, sannan ka manna da efoksi, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa. A zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu sufa gulu kan kama tun bututun bai gama shiga ba, shi ya sa efoksi ya fi aminci a nan.

Sa takunkumi da gilashin ido kafin ka kunna inji, ƙurar ƙashi ba abin shaƙa ba ce. Kurfi ya zama mai kaifi, ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kana tsayar da injin kana dubawa. Da zarar ɓargo ya bayyana, ɗiga masa sufa gulu mai ruwa-ruwa ya tsotsa ya bushe, sannan ka ci gaba. Ka sani gam ɗin yana ƙara wa launin ɓargo duhu: toka ta zama toka mai ƙarfi, hoda ta koma shunayya. Kana iya ganin yadda zai kasance tun farko idan ka shafa ɗigon ruwa a wurin.

Kuskuren da ya fi ɓata farin ƙaho yana wajen samfefa. Idan ta taɓa zoben ƙarfen da ke riƙe da gunduwar sannan ta dawo kan ƙahon, baƙin garin ƙarfe zai shige ramukan ya zauna daram. Toshe ramukan da gam tukuna, ka goga daga tsakiya zuwa baki, ka canza samfefar da ta yi baƙi. Fara da lamba 220, sai 400, sai 600, ka wuce zuwa masu laushi. Wurin da ka bar ɓawo kuwa, tsayar da injin ka bi shi da hannu.

Idan ɓawon ya goge kana son mayar da ruwan ƙasar, jiƙa ɗan potassium permanganate na kyamis a ruwa ka shafa da auduga. Zai fara da shunayya, ya koma ruwan ƙasa yayin da yake bushewa. Gwada a kan guntun da ka yar tukuna. Don ƙara fari, haidirojin na wanke ciwo ya isa. Bilic yana cin ƙashi, kada ka kusantar da shi. In ka rina, ka gaya wa mai saye.

Saura hunturu. Ƙahon da ya taso daga ƙasa mai laima, ko ya kwana a Legas, idan ya iso Katsina ko Daura a watan Disamba yakan tsuke ya tsage. Ajiye shi a inuwa cikin ɗaki na wasu makonni kafin ka huda. Bayan ka gama, rufe shi da siraran shafe uku zuwa biyar na sufa gulu, har da bakunan biyu, kuma ka gargaɗi mai saye kada ya bar biron a gaban mota cikin rana.