Kurakuran da ke kashe zomayen da aka karɓo riƙo

A unguwarmu an san ni da karɓar zomayen da aka gaji da su. Labarin kusan ɗaya ne kullum: yaro ya tara kuɗin barka da Sallah, ya sayo ɗan zomo fari mai jan ido, a yi sati uku ana wasa da shi, sai uwar gida ta ce zarnin fitsari ya ishe ta, a aiko min da shi a kwali. Har a Amurka haka ake yi bayan bikin Ista, shi ya sa tun 1988 suke da ƙungiyar House Rabbit Society mai ceto irin waɗannan. Wasu nakan riƙe su, wasu in ba masu sha'awa, kuma na gaji da jin "wallahi haka kawai muka wayi gari ya mutu". Zomo dabba ce da ake farauta, ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce. Ranar da ka ga ya kwanta, ya daɗe yana jin jiki.

Zafi ne ya fara koya min hankali. Wata bazara na ajiye keji a jikin katanga ƙarƙashin rumfar kwano, ina ganin ai inuwa ce. Na dawo bayan la'asar na tarar da guda huɗu a miƙe, baki a jiƙe, har da wata macen da ke da ciki. Ruwa na nan a kasko, ko rabi ba su sha ba. Zomon gida asalinsa daga Sifaniya da Fotugal yake, cikin rami yake kwana a ƙarƙashin ƙasa, ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi. Da ma'auni ya haura digiri 30 ya shiga wahala, mu kuwa a Afrilu muna ganin 40. Kwano tanda ne, ku daina kiran sa inuwa! Ni yanzu ƙarƙashin darbejiya nake ajiye su, in jiƙa buhu in rataya ta inda iska ke shigowa, in kifa musu fasasshiyar randa a kan yashi mai danshi su shige ciki. In an kawo wuta, gorar ruwa mai ƙanƙara su jingina da ita. Wanda zafi ya riga ya buge, shafa masa ruwa a kunne. Kada ka tsoma shi a bokiti, firgicin kaɗai ya isa ya ƙarasa shi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ƙona min rai, kafso. Wani zomo baƙi da na fi so ya fara atishawa, maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, fasa masa kafso a ruwa mana, haka muke yi wa kaji." Na fasa. Kwana uku zawo ya ɓarke, ya tafi. Sai daga baya likitan dabbobi ya yi min bayani: amfisilin da amoksisilin da sauran dangin fenisilin, in suka bi ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da ciyawa a hanji, masu guba su samu fili. Zomo ba kaza ba ne, jama'a. Kuɗin ganin likita bai kai zafin haƙa rami a bayan gida yara suna kuka ba. Maganin ƙumar kare mai fifronil shi ma guba ne a gare shi.

Sai abinci. Kowa dusa da karas, wai abin da aka gani a katun. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, tauna busasshiyar ciyawa ce ke gogar da su, ita ce kuma ke sa hanji tafiya. Nawa, busasshiyar ciyawa da harawa ba sa yankewa a gabansu, ganyen dankalin Hausa da yamma bayan ya ɗan yi yaushi, dusa cokali biyu, karas sai ranar da na ga dama. Zomo ba ya iya amai, saboda haka abinci mai fumfuna kada ya kusance shi. In ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, nemi likita a ranar. In kuwa ka gan shi yana cin kashinsa mai laushi, kada ka kore shi, abincinsa ne.

Ɗaga shi ta kunne mugunta ce, ko da kakanka haka ya yi. Tallabe ƙirji da ɗuwawu, don in ya yi harbi a sama yana iya karya bayansa. Kejin da ƙasansa waya ce zalla yana cinye masa tafin ƙafa, sa katako. Namiji da mace wuri ɗaya, ciki kwana 31 ne, kuma tana iya ɗaukar wani a ranar da ta haihu, to ka raba su ko a yi wa namijin fiɗiya. Uwa sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintuna, ba ta yar da 'ya'yan ba, kada ka ba su madarar gwangwani. Sabon zuwa kuma sati biyu yake yi a ware kafin ya ga sauran.

Masu cewa za su sake shi a daji ya koma wurin 'yan'uwansa, wanne 'yan'uwa? Zomon dawa da muke ba da labarin wayonsa wata halitta ce daban, da gashi ake haihuwarsa, ido a buɗe, a fili yake kwana. Farin zomon gida a gona kuwa, tsakanin shaho da kare da muzuru, da wuya ya kwana biyu. Dabba ce da kan yi shekara takwas zuwa sama in ta samu kulawa. Duk wanda ya zo karɓa a wurina, sai na bi shi gida na ga inda zai ajiye kejin da ƙarfe biyu na rana, kuma uban yaron nake tambaya, ba yaron ba.