Yadda za ka zauna da mantuwar da farfaɗiya ke kawowa

In aka ce farfaɗiya mutane faɗuwar kawai suka sani, jijjiga da kumfar baki. Mu da muke ɗauke da ita mun san akwai abin da ke zama da mutum bayan an tashe shi an kakkaɓe masa ƙura, wato mantuwa. A yi biki da kai, ka ci ka sha, ga ka nan a hoto kana dariya, bayan sati uku a ɗauko zancen ka ji kamar labarin wasu ake ba ka. Ko sunan maƙwabcinka ya zo maka bakin harshe ya ƙi fita kana kallonsa yana kallonka. Na daɗe ina fama da wannan, ga abin da ya taimake ni.

Da farko ka san ba sakarci ba ne kuma ba rashin kula ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa, wajen saitin kunne, akwai wani ɗan sashe da likitoci ke ce wa hifokamfus, shi ke karɓar sabon abu ya ajiye maka, kuma farfaɗiyar manya da yawa daga wannan yankin take tasowa, toh duk bugun da ya zo sai ya katse masa aiki. Bugun ma ba lallai sai ka faɗi ba, akwai wanda mutum zai yi shiru na ɗan lokaci yana taunar baki ko yana murza rigarsa, ya dawo bai san an yi ba. Sannan ga magani, ga rashin barci, ga damuwa, kowanne yana ƙara nasa.

Saboda haka ka faɗa wa likita, da bakinka. Yawancinmu in an tambaye mu sau nawa ka faɗi sai mu ba da amsa mu karɓi takarda mu fito, ba ma kawo zancen mantuwar don muna ganin ba ciwo ba ce. Maganin fenobabiton, wanda shi aka fi samu saboda arha, an san shi da sa nauyin kai da kasala, haka ma tofiramet yana sa kalma ta ɓace wa mutum. Likita zai iya rage yawansa ko ya canza lokacin sha ko ya mayar da kai kan wani. Amma dan Allah kar ka ajiye magani da kanka, tsayar da shi farat ɗaya yana iya kawo bugu mai tsawo da ba ya tsayawa. Ke kuma 'yar'uwa in kina kan maganin Epilim kuma kina shirin aure ko ɗaukar ciki ki yi magana da likita tun kafin lokacin, yana iya cutar da jariri. Akwai masu duba wannan ciwo a asibitin Malam Aminu Kano, da na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace, kaga in bugun ya ragu kan ma yana samun sarari.

Maganin kansa shi ne abin da ya fi wahalar tunawa. Ni na ɗaure nawa da sallah, in na safe da dare ne, ina idar da asuba in sha, ina idar da isha'i in sha, kuma yana nan kusa da dardumata inda yara ba sa kaiwa. Ka sayi ɗan akwatin roba mai gida bakwai a kemis, ka cika shi ranar Juma'a, duk sanda shakka ta kama ka na sha ko ban sha ba sai ka leƙa gidan ranar, in babu komai shikenan ka sha. Ka ƙara da alam a waya. Kuma ka tambayi likita tun yanzu me za ka yi ranar da ka tsallake, kar ka haɗa biyu ka watsa. Azumi ma kafin wata ya tsaya ku zauna ku tsara.

Sai littafi. Guda ɗaya tak, ƙarami mai shiga aljihu, ba tarkacen takardu ba. Wanda ya karɓi bashi, wanda ka yi wa alkawari, ranar komawa asibiti, ka rubuta a gabansa nan take kar ka ce sai na je gida. Na taɓa biyan wani kuɗin ɗinki sau biyu, shi ne ya dawo min da su Allah ya saka masa, tun ranar ban sake ba da kuɗi ban rubuta ba. In rubutu na ba ka wahala ka tura wa kanka saƙon murya a WhatsApp, ka riƙa ɗaukar hoton rasit da na taro. Makulli da katin asibiti da caja kowanne ya samu wurinsa guda. Girki kuwa kar ki ɗora tukunya a gas ki fita ba alam, kuma in da hali wani ya kasance kusa, wuta da mai farfaɗiya sai da lura.

Ɗalibai da masu hadda, abin da ka koya yau zai iya zama daram, bayan sati ya zube, don haka ka maimaita gobe, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan sati, kaɗan kaɗan. Kwana karatu daren jarrabawa kuwa ka bar shi, rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da bugu. In ƙirgen raka'a ke ɓace maka ka je wajen malami ya koya maka hukuncin ƙabli da ba'adi, akwai sauƙin da aka yi wa wanda shakka ta yi wa yawa, ni sanin wannan ya sauke min nauyi sosai a zuciya.

'Yan gida ku ma da naku. Bayan bugu mutum yakan ɗauki awanni kansa a ɗaure, kar a ba shi saƙo ko a sa shi lissafin kuɗi a lokacin. Wani ya rubuta ranar da tsawon mintocin, in an samu bidiyo a nuna wa likita, in kuma ya wuce minti 5 bai tsaya ba a nufi asibiti. Kuma ku rage faɗin "ai na faɗa maka jiya", wallahi tana sosa rai, ku sake faɗa masa kawai ku jira ya ɗauko littafinsa ya rubuta.