Yadda za a kafa keken haya na jama'a a cikin birnin Katsina

Ni mai gyaran keke ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kekunan da suka shekara a jingine cikin zaure suke ta dawowa hannuna. Da samarin unguwa suka tambaye ni ko keken haya, irin wanda za ka ɗauka nan ka ajiye can, zai yiwu a cikin birni, na ce musu zai yiwu. Marakesh ta Maroko ma tsohon birni ne mai ganuwa, kuma ta fara nata a 2016. Mu ma ai ba baƙin abin ba ne, da hayar keke ta awa yawancinmu muka koyi tuƙi.

Ku fara da wurin ajiya, kuma kada ku kai shi cikin lungu. Lungun da mai kura da mai babur ke rigimar wucewa ba shi da filin jera kekuna. Ku nemi bakin ƙofofi: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, sai ɗaya kusa da Babbar Kasuwa. Keke goma a kowace tasha ya isa gwaji.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne amana. A Amsterdam ta ƙasar Holan, a 1965, an zuba fararen kekuna a titi babu makulli, kowa ya hau, abin bai je ko'ina ba. Kada kuma wani ya ce manhajar waya za ta tsare muku kaya. Ku sa mutum a kowace tasha, da littafi da biro. Duk mai son hawa ya yi rajista sau ɗaya, ya kawo wanda zai tsaya masa, ko mai unguwa ko ubangidansa na kasuwa. Wanda ya san za a je a yi sallama da mahaifinsa a ƙofar gida ba zai kwana da keken jama'a ba. Na taɓa ba wani haya don ganin ido, ban tambayi gidansu ba. Sirdin kawai na tsinta a wurin masu gwangwan, kuma har yau abin na ci mini rai.

Keken ya zama marar giya, mai kariyar ɗora kaya a baya da ƙararrawa. Ku shafe su da fenti kala ɗaya, ku buga lamba a jikin ƙarfen, yadda ko an kai kasuwa za a gane. Ku sayi taya mai kauri, don tsidau da ƙusa ba sa raga wa tub. Famfo da kayan faci su kwana a kowace tasha, sarƙa kuma a riƙa goge ta ana ɗiga mata mai duk mako, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cin ta.

Kuɗin hawa ya gaza na Napep, in ba haka ba babu mai ɓata guminsa. Da bazara za ku ga ciniki da sassafe ne da bayan la'asar, tsakar rana kuwa sai a ja kekunan inuwa.

Da yamma a bi tashoshi a daidaita, domin kekunan za su taru a kasuwa, ƙofofi su zama wayam. Ranar hawan Sallah kuma a hana shiga da su wajen Ƙofar Soro, bakin fadar Sarki, har dawakai su watse.