Yadda Za Ka Shirya wa Gudun Kilomita 21 na Farko a Sakkwato

Rabin gudun fanfalaki tazarar kilomita 21 ce da 'yan mitoci, kuma mutumin da yake da ƙoshin lafiya zai iya kammala ta bayan atisayen wata huɗu zuwa biyar, ko da rabonsa da gudu tun yana sakandare. Amma mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya fara ganin likita kafin ya ɗaura takalmi.

A Sakkwato, zaɓen lokaci shi ne farkon dabara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, saboda haka ya fi dacewa ka fara shiri a Nuwamba, lokacin da hunturu ya shigo, kuma ka riƙa fita da zarar an idar da sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Ranar da hazo ya yi kauri ka huta, domin ƙurar tana wahalar da huhu. Wajen filin wasa na Giginya ko hanyoyin cikin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun fi babban titi natsuwa. Idan kuwa titin ya zama dole, ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, ka sa riga mai haske saboda 'yan kabu-kabu.

Kwana uku a mako sun isa. A makonnin farko ka yi gudun minti ɗaya, ka taka na minti biyu, har rabin awa, sannan ka riƙa tsawaita gudun kana rage tafiyar. Idan ka iya rabin awa ba tsayawa, sai ka ware rana guda a mako domin dogon gudu, kana ƙara kimanin kilomita ɗaya kowane mako, a mako na huɗu kuma ka sassauta. Kilomita 16 zuwa 18 sun wadatar a matsayin gudu mafi tsawo kafin ranar tsere.

Shakka takan zo da wuri, kuma a ganina mafi yawanta daga sauri take fitowa. Sabon mai gudu yakan tashi da ƙarfi kamar an biyo shi, numfashi ya sarƙe masa cikin 'yan mintuna, sai ya yanke hukuncin cewa jikinsa ba na gudu ba ne, alhali saurin da ya ɗauka ne ya fi ƙarfin matakin da yake. Ma'auni mai sauƙi shi ne ka iya magana da na kusa da kai kana cikin gudu; idan jimla ɗaya ta gagare ka, ka rage. Akwai kuma wani dalilin haƙuri, wato zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa sun fi su jinkiri, kuma a wannan tsakanin ne ciwon gwiwa da na ƙwauri suke kama masu gaggawa.

Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta nisan kowace rana da yadda ka ji. Ranar da zuciya ta ce maka ba za ka iya ba, ka buɗe shafin wata biyu da suka wuce, ka ga lokacin da kilomita biyu take kayar da kai. Maganar mutane ma za ta zo, wani ya tambaye ka ko lafiya, wani ya ce girma ya kama ka. Abokin gudu yana rage nauyin wannan ƙwarai, musamman ga mata, waɗanda fita cikin rukuni da sutura mai yalwa marar nauyi ta fi yi musu sauƙi.

Ka sha ruwa kafin fita, ka riƙe gora a dogon gudu tare da 'yan dabino. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alamu ne na a tsaya nan take a nemi inuwa. Idan azumi ya faɗo cikin shirin, ka mayar da gudun bayan shan ruwa, ka kuma taƙaita shi.

A makonni biyu na ƙarshe ka rage nisa domin jiki ya murmure. Ranar tsere kada ka gwada sabon takalmi ko abincin da ba ka saba da shi ba, kuma ka bar masu sauri su wuce ka a farko. Wajen kilomita 16 ƙafafu za su yi nauyi. Ka taka na minti ɗaya, ka kurɓi ruwa, sannan ka ci gaba.